Yadda Na Bi Diddigin Katsewar Remote Desktop a Ofishinmu Bayan Ɗaukewar Wuta

Aikina a kamfanin da nake yi wa hidima a Kano, wanda yake rarraba kayan masarufi ga 'yan kasuwa, shi ne kula da kwamfutoci da hanyar sadarwar da ta haɗa su. Ofishin namu bene ne, a bayansa kuma akwai sito da aka ja masa waya daga babban ginin, kuma idan aka haɗa na sama da na ƙasa da na siton, kwamfutocin da ke hannuna sun ɗan haura talatin. Da yake ni kaɗai ne a wannan sashe, yawancin gyare-gyaren daga kujerata nake yin su ta hanyar Remote Desktop, wato manhajar da ke cikin Windows wadda take nuna wa mutum fuskar wata kwamfuta a kan tasa, ya riƙa sarrafa ta da madannansa da linzaminsa tamkar yana zaune a gabanta. Idan na shiga kwamfutar ma'aikaci ta wannan hanya, fuskar da ke gabansa takan kulle, domin Windows na kwamfutocin tebur ba ya yarda mutum biyu su yi aiki a kansa a lokaci guda, saboda haka nakan jira lokacin sallar azahar ko bayan an tashi daga aiki.

Matsalar ta fara ne a cikin bazara, lokacin da ɗaukewar wuta ta yawaita har janareta ya zama shi ne ke riƙe da ofishin mafi yawan yini. Kwamfutar da na shiga jiya lafiya ƙalau, yau sai ta ƙi, gobe kuma ta karɓe ni ba tare da na taɓa komai ba. Saƙon da Windows yake bayarwa kusan kullum iri ɗaya ne, yana cewa ba a iya haɗuwa da kwamfutar ba saboda ɗaya daga cikin dalilai uku: ko ba a kunna damar shiga daga nesa ba, ko a kashe take, ko kuma ba ta kan netwok. Wannan saƙo ba ya ware wa mai gyara komai, domin duk abin da ya hana kiran isa inda aka nufa, shi ɗin dai zai fito. Na yi kusan mako biyu ina hawa bene ina kashe kwamfutoci ina sake kunna su, kuma sau da yawa hakan yakan yi magani. Wannan saurin warkewa shi ne ya jinkirta ni, domin duk lokacin da na sake kunna kwamfuta kafin in duba halin da take ciki, ina share shaidar da nake bukata ne da hannuna.

Ranar wata Litinin a ƙarshen wata, Hajiya mai kula da asusu ta kira ni a waya ta ce, "Injiniya, manhajar albashi ta ƙi buɗewa, ga shi Alhaji yana son takardun kafin la'asar." Na ce mata ta ɗan janye hannu daga kwamfutar zan shigo yanzu. Na rubuta sunan kwamfutarta, na danna, sai ga saƙon nan mai dalilai uku. Na sake kiranta na ce, "Hajiya, don Allah kada ki kashe ta, kada kuma ki zare wata waya. Ki ba ni rabin awa." Na ɗauki littafi na ja layuka, na yanke shawarar cewa daga ranar duk kwamfutar da ta ƙi, sai na rubuta sunanta da lokacin da abin ya faru da adireshinta, wato lambar da ake gane ta da ita a netwok, da amsar kowane gwaji kafin in gyara ta, kuma zan riƙa farawa daga tushe: wuta da waya, sannan adireshi, sannan suna, sannan ƙofa, wato lambar da kowace hidima take karɓar kira ta kanta, sannan tantance mai shiga.

Na fara da umarnin nslookup don in ga ko sunan kwamfutar Hajiya yana kai ni ga adireshin da ya dace. Adireshin cikin ofishinmu duka suna farawa da 192.168.10, kuma amsar da na samu ta yi daidai da abin da ke cikin takarduna. Na aika mata ping, wato ɗan saƙon gwaji da ake jiran kwamfuta ta mayar, ba ta amsa ba. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa kwamfuta ba ta kan netwok, alhali katangar tsaro ta Windows, wadda take tace saƙonnin da ke shigowa, tana iya yin shiru da ping ko da kwamfutar tana aiki garau, saboda haka rashin amsar bai tabbatar mini da komai ba. Sai na buɗe PowerShell, wurin rubuta umarni a Windows, na yi amfani da Test-NetConnection na ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 3389, wadda ita ce ƙofar da Remote Desktop yake saurare a kanta. Amsar ta dawo da cewa ba a yi nasara ba. Abin da ya buɗe mini ido shi ne umarni na huɗu, arp -a, wanda yake nuna jerin na'urorin da kwamfutata ta yi magana da su kwanan nan tare da lambar katin sadarwar kowace. Adireshin Hajiya yana cikin jerin, da lambar katinta a gefensa. Kafin kwamfuta ta aika wa maƙwabciyarta saƙo a cikin netwok guda, sai ta tambayi wa ke da adireshi kaza, kuma wannan tambaya katangar tsaro ba ta hana amsa ta. Ke nan kwamfutar tana kunne, wayarta a jone take, adireshinta daidai ne, wani abu ne a cikinta yake mayar da baƙi.

Na hau sama na zauna a gabanta. Damar shiga daga nesa a kunne take, hidimar TermService, wadda take tafiyar da Remote Desktop, tana gudana, kuma netstat -an ya nuna ƙofa ta 3389 tana saurare. Da na rubuta Get-NetConnectionProfile, sai na ga Windows ya ɗauki netwok ɗin ofishinmu a matsayin na bainar jama'a, irin na otal ko filin jirgi. Windows yana rarraba duk netwok ɗin da ya shiga gida uku: na domen, wato wanda babbar sabar kamfani, kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, take shugabanta, da na keɓe kamar na gida, da na jama'a, kuma kowane rukuni yana da nasa dokokin katangar tsaro. Dokar da na kafa tun shekarun baya ta buɗe ƙofa ta 3389 ne a rukunin domen kaɗai. Duk ranar da kwamfuta ta yi zaton tana cikin baƙin wuri, sai ta rufe ƙofar, kuma daidai ta yi bisa umarnin da aka ba ta.

Sauran tambaya ita ce abin da ya sa kwamfutar da ta shekara a kan teburi ɗaya za ta kasa gane ofishinta. Amsar tana cikin Event Viewer, kundin da Windows yake rubuta abubuwan da suka same shi. Da misalin ƙarfe tara na safiyar ranar akwai rubutu mai lamba 41 da mai lamba 6008, waɗanda suke nuna cewa kwamfutar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba, wato wuta ce ta ɗauke mata. Bayansu kaɗan sai ga mai lamba 5719 daga Netlogon, hidimar da ke haɗa kwamfuta da domen, yana cewa ba a sami sabar domen da za a yi magana da ita ba. Akwai wata hidima a cikin Windows 10 mai suna NlaSvc wadda aikinta shi ne gane irin netwok ɗin da aka shiga. Da zarar kwamfuta ta tashi, wannan hidima takan nemi babbar saba, ta yi ƙoƙarin magana da ita ta ƙofa ta 389. Idan ta same ta, sai ta ce domen ne. Idan ba ta same ta ba, sai ta sa netwok ɗin a rukunin jama'a, kuma ba kullum take komawa ta sake dubawa ba sai wani abu ya canza a kan wayar.

Na sauka ɗakin saba na duba UPS ɗin da ke riƙe da babbar sabarmu, na tarar batirinsa ya gaji har ba ya iya riƙe ta na tsawon lokacin da mai janareta yake ɗauka kafin ya tayar ya juya layi. Saboda haka duk lokacin da aka ɗauke wuta, saba da suwici, wato na'urar da wayoyin netwok suke haɗuwa a cikinta, da kwamfutocin tebur tare suke mutuwa, kuma tare wuta take dawo musu. Amma ba tare suke tashi ba. Kwamfutocin da muka sa wa faifan SSD ba sa kai minti ɗaya, ita kuwa sabar sai ta gwada ma'adanarta, ta duba faifanta, ta tayar da hidimominta ɗaya bayan ɗaya, abin da yake cin mintuna da dama. Ƙari a kan haka, suwicinmu yana aiki da tsohon tsarin kariya daga zagayen waya, wanda yake tsare kowace kafa, wato ramin da ake soka waya, daƙiƙa 30 kafin ya bari saƙo ya wuce, 15 yana saurare, 15 yana koyon adireshi. Su kuma kwamfutocin an saita su a BIOS, saitin da ke aiki tun kafin Windows ya tashi, su kunna kansu da zarar wuta ta dawo. Yara ne suka riga malami isa aji, suka duba ba su gan shi ba, suka ɗauka babu karatu ranar.

Don in tabbatar, na koma wurin Hajiya na zare wayar netwok na mayar, na sake rubuta umarnin. Rukunin ya koma na domen. Na sauka kujerata na shiga kwamfutarta ba tare da wata gardama ba, na gyara manhajar albashin, wadda ita ma ta ƙi buɗewa ne saboda ta nemi rumbun bayananta a kan saba da safe ba ta samu ba. A nan ne na fahimci dalilin da ya sa sake kunnawa yake yin magani: kafin in hau bene, sabar ta riga ta gama tashi.

Na ɗauka an gama, amma ranar Laraba kwamfutoci biyu na sito da ɗaya a ƙasa suka ƙi, kuma littafina ya nuna mini nan take cewa wannan wata cuta ce dabam mai alama irin ta farko. Sunan kowace yana kai ni ga adireshin da na sani, amma a jerin arp babu lambar kati ko ɗaya, wato babu mai amsa wannan adireshi a netwok ɗin gaba ɗaya. Na je wurin ta ƙasan na rubuta ipconfig /all. Adireshinta ya fara da 192.168.0, kuma wanda ya ba ta shi wata na'ura ce mai adireshi 192.168.0.1, wadda ban taɓa sa ta a ofishin ba. Ma'aikacin da ke kanta ya ce intanet yana aiki, jakar takardun kamfani ce kawai ta ɓace masa tun safe, yana jiran ta dawo.

Tsarin rabon adireshi da ake kira DHCP ba shi da hanyar bambance mai iko da ɗan kutse. Kwamfuta takan yi shela ga duk wanda ke kan netwok cewa tana neman adireshi, kuma yawanci tayin da ya fara iso mata shi take karɓa. Sabarmu tana ba da aron adireshi na kwana 8, kamar yadda Windows Server yake zuwa da shi, don haka a ranar da komai ke tafiya daidai ba a cika yin wannan shela ba. Amma idan wuta ta dawo, kowace kwamfuta takan nemi a tabbatar mata da tsohon adireshinta, kuma a daidai wannan lokaci sabarmu ba ta tashi ba. Baƙuwar na'urar kuwa ta riga ta farka, sai ta ce wa kwamfutar wannan adireshi ba na nan ba ne, ta miƙa mata nata. Rajistar kamfani da ke haɗa sunan kowace kwamfuta da adireshinta kuma tana nan da tsohon adireshin, saboda haka ni ina ƙwanƙwasa gidan da mai shi ya tashi.

Na ɗauki lambar katin baƙuwar na'urar daga jerin arp na wannan kwamfuta, na shiga suwici na nemi kafar da ya ji lambar a kanta. Kafar da ta tafi sito ce. A can, bayan wasu kwalaye a ƙarƙashin teburi, na tarar da ƙaramar rauta, wato na'urar raba intanet, mai ɗaukar layin wayar hannu, an jona ta a cikin ƙaramin suwicin da ke raba wa kwamfutocin siton waya. Na yi wa Malam mai kula da sito sallama na tambaye shi labarinta. Ya ce, "Wallahi Injiniya tawa ce, daga gida na kawo ta. Netwok ɗin nan yana yawan yankewa, direbobi kuma ba sa jira, dole in tura takardar kaya kafin mota ta tashi." Na ce masa, "Malam, niyyarka mai kyau ce, amma wannan 'yar na'urar tana janye kwamfutocin ofis zuwa kanta, kuma datar da ka saya da kuɗinka har mutanen ƙasa suna sha." Ya yi shiru, sannan ya ce dama yana mamakin yadda take ƙarewa da wuri. Ban ga laifinsa sosai ba, domin ƙorafinsa gaskiya ne, kuma ya taɓa faɗa mini a wucewa ban bi ba. Da na bi wayar da ta haɗa siton da babban gini, na tarar an ja ta ta kan rufi a cikin rana, fatarta ta tsage a wuri biyu, tsawonta kuma ya kusa mita 100, wanda shi ne iyakar abin da irin wannan waya take iya ɗauka. Na cire rautar, na sabunta adireshin kwamfutocin uku, na yanke inda wayar ta lalace na yi mata gyaran wucin gadi.

Ranar Alhamis wata tsohuwar kwamfuta a sashen sayarwa ta zo da saƙo na dabam, kuma na yi farin ciki da shi, domin ya faɗi ciwonsa da bakinsa. Ya ce ba a iya tabbatar da ko wace ce kwamfutar da ake nema ba saboda akwai bambancin lokaci ko kwanan wata tsakaninta da tawa. A cikin domen, tantance mai shiga yana tafiya ne da tsarin Kerberos, wanda yake buga lokaci a kan kowace takardar izini don kada wani ya kwafe ta ya sake amfani da ita daga baya, kuma bisa saitin asali ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5. Agogon wannan kwamfuta ya koma baya da shekaru. A kan allon uwa na kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda yake riƙe agogo idan babu wuta, kuma nata ya mutu. A da ba a lura ba, domin tana tashi take karɓar lokaci daga saba, amma yanzu da take riga sabar tashi sai ta zauna da agogon da ya ɓace. Na lura cewa idan na rubuta adireshinta maimakon sunanta tana barina in shiga, saboda a wannan hali Windows yakan koma tsohon tsarin tantancewa na NTLM. Na yi amfani da hakan sau ɗaya na shiga na rubuta w32tm /resync, amma ban ɗauke shi magani ba. Washegari na sayo batiran da yawa na canza wa duk kwamfutar da ta manyanta.

Akwai biyu da matsalarsu ba ta da alaƙa da wuta, littafin ne ya fito da su. Ɗaya tsohuwar kwamfuta ce da aka ɗauko daga ajiya aka sa a ƙofar shiga don rubuta motoci, wadda ta ba da saƙon kuskuren tantancewa mai ambaton CredSSP, sashen da ke miƙa suna da kalmar sirrin mai shiga. A watan Maris na 2018 Microsoft ya toshe wata ɓaraka a wannan sashe, a watan Mayu na shekarar kuma ya tsaurara saitin yadda kwamfutar da aka sabunta ba za ta yarda ta shiga wadda ba a sabunta ba. Wannan kwamfuta da tsohon faifai aka ɗora mata Windows, aka kuma kashe mata sabuntawa don tsimin data. Shawarar da ta fi yawo a intanet ita ce mai gyara ya sassauta saitin tasa kwamfutar, ni kuwa ban ga hikimar raunana kwamfutar da take riƙe da mabuɗan ofis duka saboda guda ɗaya ba, don haka na bar ta tana sabuntawa cikin dare. Ɗayar kuma sabuwar laftof ce da aka sayo wa wani manaja da Windows na rukunin Home, wanda ba ya karɓar Remote Desktop kuma ba ya shiga domen, komai saitin da aka yi masa. Kafin a sayi lasisin Pro ina taimaka masa ne da Quick Assist, inda nake karanta masa lambar da zai shigar, amma wannan manhaja ta sabobin Microsoft take bi a kan ƙofa ta 443, saboda haka idan intanet ya yanke ba ta aiki ko da muna cikin gini ɗaya.

Da na kai wa Alhaji bayani tare da kuɗin batiran UPS da na sabuwar waya, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce wani ya gaya masa cewa idan aka kashe katangar tsaron gaba ɗaya an huta, kuma ana iya buɗe ƙofar a kan babbar rauta yadda zan riƙa gyara daga gida. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, za a iya, amma ba zan ba ka wannan shawara ba." Na bayyana masa cewa ƙofa ta 3389 tana cikin waɗanda ɓarayin intanet suka fi nema, kuma duk wadda aka bari a buɗe ga duniya ba ta daɗewa sai kundinta ya cika da rubutu mai lamba 4625, na masu gwada kalmar sirri dare da rana, kuma ta irin wannan hanya ce ake yawan shigo da manhajar da ke kulle takardun kamfani a nemi kuɗin fansa. Na tuna masa cewa a watan Mayu na 2019 an gano ɓarakar da aka sa wa suna BlueKeep, wadda take ba maharin damar shiga tsofaffin Windows ta wannan ƙofa ba tare da kalmar sirri ba, kuma girmanta ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP, wanda ya daina kula da shi tun 2014. Idan ana son in yi aiki daga gida, hanyar ita ce VPN, in fara shiga netwok ɗin ofis ta rufaffiyar hanya sannan in ƙwanƙwasa ƙofar daga ciki. Ya ce in rubuta abin da ake bukata.

A nan ya kamata in ambaci wani ruɗani da ya kusa ɓatar da ni lokacin da nake bincike. Abubuwa biyu ne a Windows ake taƙaita sunansu da haruffan NLA: hidimar gane netwok da na yi bayani, da kuma tsarin da yake tilasta wa mai shiga ya gabatar da sunansa da kalmar sirrinsa kafin a nuna masa fuskar kwamfuta. Sau da yawa idan aka ce a kashe NLA don Remote Desktop ya yi aiki, na biyun ake nufi, kuma shi kariya ne da bai kamata a cire ba. Na bar shi a kunne a kowace kwamfuta.

Gyaran da na yi a makon da ya biyo baya ya bi tsarin abin da na gano. An canza batiran UPS, na kuma mayar da babban suwici kan UPS ɗin tare da saba don kada su mutu yayin juya layi. A kafofin suwicin da kwamfutoci ke kai na kunna saitin da ke cire jiran daƙiƙa 30, na bar jiran a kafofin da suka haɗa suwici da suwici. Na kunna tsaron DHCP a suwicin, na gaya masa cewa kafar sabarmu kaɗai ce aka yarda tayin adireshi ya fito daga gare ta. Hidimar NlaSvc na sa ta riƙa jinkirta tashi. Dokar katangar tsaro ita ce na fi daɗewa ina juyawa a raina. A ƙarshe na buɗe ƙofar a dukkan rukunai uku ga kwamfutocin tebur, amma daga adireshi biyu kaɗai, na kwamfutata da na VPN, na kuma keɓe wa kwamfutata adireshin da ba ya canzawa. Laftof kuwa na bar su a kan tsohuwar doka, domin suna fita waje, kuma babu abin da zai hana wani a netwok ɗin otal ya kasance da adireshi irin nawa.

Ranar Asabar da babu ma'aikata, da izinin Alhaji, na kunna kwamfutocin duka, na roƙi mai janareta ya kashe babban layi ya jira minti uku kafin ya tayar. Sabar da suwicin ba su ko ƙifta ba. Bayan wuta ta dawo na jira minti biyar, sannan na saki ɗan rubutun PowerShell da na shirya, wanda yake bin sunayen kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa ƙofa ta 3389. Duka suka amsa sai biyu. Ɗaya ba a saita ta ta kunna kanta ba, na gyara a BIOS. Ɗayar ta sito ce, kuma fitilar kafarta a suwici tana kamawa tana saki, wato gyaran wucin gadin da na yi wa wayar bai riƙe ba. Mun maimaita gwajin sau biyu, ta siton kaɗai ce ta ci gaba da ƙin amsawa. Na auna tazarar da ke tsakanin ɗakin saba da siton ta ƙasa maimakon ta rufi, na rubuta a sayo bututu da wayar da aka yi don waje, na kuma kira Malam na gaya masa cewa kafin a haƙa ramin, idan netwok ya yanke masa mota tana jira, ya kira ni in tura takardar daga kujerata.